Tsofaffin Mashayun Manyan Otal: Me Ake Sayarwa a Ciki, Kuma Ina Namu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren Juma'a, na ga gara in kawo shi nan mu tattauna. Shekara tara ke nan ina aiki a Landan, ban taɓa sa ƙafa a mashaya ba, kuma Allah shaida ne giya ba ta taɓa shiga bakina ba. To wani dattijon Bature da ya riƙe ni kamar ɗa tun ranar da na fara aiki ya yi ritaya, ya ce ba ya son taron hayaniya, mu shida kawai yake so mu zauna da shi a American Bar na otal ɗin Savoy, domin a nan ya nemi auren matarsa, wadda ta rasu bara waccan. Na yi kwana uku ina juya abin, daga ƙarshe na je.

Abin da na gani ba shi ne abin da na zata ba. Na yi tsammanin ihu da tangaɗi da warin barasa. Sai na tarar da ɗaki mai fitilu ƙasa-ƙasa, kujeru masu taushi, hotunan mutanen da a jikin bango, wani mutum yana kaɗa fiyano a hankali yadda kana iya jin maganar na kusa da kai ba sai ya ɗaga murya ba. Babu talabijin ko ɗaya. Masu hidima sanye da farar kwat mai guga. Da na ce ba na shan giya, yaron bai ko ɗaga gira ba, sai ya tambaye ni me na fi so, mai tsami ko mai zaƙi, ina son citta ko a'a. Ya dawo da wani haɗi na lemon tsami da citta da na'ana'a, da dunƙulen ƙanƙara guda ɗaya tal, garau kamar gilashi. Dattijon nan ya zauna yana kallon kusurwar da suka zauna da matarsa, yana ba mu labari, hawaye na sauko masa.

Ni kuma sai mahaifina ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa, da yadda yake ba mu labarin otal ɗin Hamdala na Kaduna a zamanin ƙuruciyarsa. Tambayata biyu ce. Me ke jan mutane zuwa irin waɗannan tsofaffin wurare har su biya kuɗi mai yawa haka? Kuma me ya sa mu ba mu da wurin zama mai irin wannan natsuwar wanda babu giya a cikinsa?

Ɗalibin Ilimi:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, na ji daɗi da ka faɗi gaskiyar abin da ya faru ba ka ɓoye ba, ni ma zan faɗa maka tawa don Allah. Rashin shanka abu ne mai kyau, amma maganar ba ta tsaya a sha ba. Hadisi ya zo a Tirmizi cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ayar Ma'ida ma umarnin nisanta ta bayar, ba hana kurɓa kawai ba. Farar kwat da fiyano ba sa canza sunan wuri. Ka nemi gafara, kuma nan gaba ka gayyaci dattijon gidanka, matarka ta yi masa tuwo da miyar kuka, wallahi zai fi tuna wannan.

Ɗan Fagge:
Na karɓa Malam, Allah ya saka da alheri. Ban kawo maganar don in halatta zaman ba, kuma ba na shirin komawa. Gayyatar gida ma na riga na yi masa. Amma tambaya ta biyu tana nan.

Malamar Tarihi:
Bari in ɗan taɓa tambaya ta farko, don abin yana da tushe. Sunan American Bar da kansa labari ne. A ƙarshen ƙarni na 19 Turawan Ingila ba su saba da haɗa abin sha iri-iri a zuba ƙanƙara ba, wannan salon Amurkawa ne, shi ya sa duk otal ɗin da ke son kuɗin matafiyan Amurka sai ya buɗe sashe mai wannan suna. Savoy an buɗe shi a 1889, mashayar kuma tun shekarun 1890 take aiki. Abin da zai ba ku mamaki, mace ce ta shugabance ta fiye da shekara ashirin tun daga 1903, sunanta Ada Coleman, a lokacin da matan Ingila ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa.

Sai 1920 Amurka ta haramta yi da sayar da giya a faɗin ƙasar, dokar ta zauna har Disambar 1933. Ƙwararrun masu haɗi suka watsu, wasu Landan, wasu Faris, wasu Habana ta Kuba. Harry Craddock, wanda ya yi suna a Savoy, a wannan guguwar ya baro Amurka. A cikin Amurka kuwa sai mashayun ɓoye suka cika birane, a bayan shagon aski ko ƙarƙashin ƙasa, sai ka faɗi kalmar sirri a buɗe maka. Wannan zamanin ne ake kwaikwaya yau, ƙofar ɓoye da labulen karammiski da kiɗan jaz.

Amma ni abin da ke damuna da wannan begen shi ne an tace tarihin an zubar da tsakuwar. Zamanin da ake yi wa kallon ƙawa shi ne zamanin Al Capone a Chicago, da harbe-harben 'yan daba, da gurɓatacciyar barasar da ta makantar da mutane ta kashe wasu. Cotton Club na unguwar Harlem a New York, inda makaɗi Duke Ellington ya yi tashe daga 1927, baƙaƙe ne ke kiɗa da rawa, fararen fata ne kawai ke zama a kujera. Kakanninmu da a ce suna can, ta ƙofar kicin za su shiga.

Autan Gida:
Anti kin gama magana. Ni dai ban ga abin bege a nan ba. Masu kuɗi ne ke sayen tsohon katako da tsada. Kofi ɗaya a irin wuraren nan ya fi albashin wani na sati a Kano.

Tsohon Ma'aikaci:
'Ya'yana, jikata ce ke rubuta mini, ni nake faɗa. Na yi shekara goma sha bakwai ina aikin otal tsakanin Kaduna da Jos, daga ɗaukar tire har na kai ga tsayawa bayan kanta. Don haka abin da ɗana na Landan ya gani na san shi daga ciki.

Natsuwar da ka ji ba daga sama ta faɗo ba, aiki ne. Ƙarfe huɗu na yamma muke fara shiri. Farar rigarka kai za ka wanke ta, ka sa mata sitaci, ka goge da dutsen guga na gawayi, in ta sami ɗigo ɗaya shugabanmu zai mai da kai gida. Kowane tambulan sai ka kara shi a kan tururin ruwan zafi, ka goge da farin ƙyalle, ka ɗaga shi wajen fitila ka duba. Ƙanƙara dunƙule ake kawowa a cikin buhu da dussar katako, mu wanke mu fasa da hannu. Ɓawon lemo akwai yadda ake yanka shi siriri, a murɗa shi a bakin kofi don man jikinsa ya fesa, ƙamshin ya riga harshe. An koya mana kada ka tsaya a kan baƙo, kada kuma ya ɗaga hannu sau biyu. Mutum in ya zo sau uku, na huɗu ba sai ya yi magana ba, ka san kujerarsa, ka san abin da yake so, ka san ko yau ranar hira ce ko ranar shiru. Kuma abin da ka ji a wurin, a wurin ka bar shi. Manyan ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja sun yi maganganu a gabana waɗanda har yau ko matata ba ta sani ba.

Kuma ku sani ba kowa ke zuwa shan giya ba. Akwai alhazai da yawa da ke zama a falon otal ko bakin lambu da shayinsu ko lemonsu, don a nan ake haɗuwa a ƙulla ciniki. Daren Asabar makaɗa na zuwa da kakaki irin na Turawa da ganguna, maza da kwat ko babbar riga, mata da ɗauri ya tashi sama. Kyau kam akwai kyau.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba. Na ga abin da ya sa na bar aikin. Akwai wani akawu, mutumin kirki, mai fara'a, da ya fara da kwalba ɗaya ranar Juma'a. Cikin shekara uku sai da ta kai albashinsa a littafin bashinmu yake ƙarewa kafin goma ga wata. Wata rana da misalin sha ɗaya na dare aka aiko ɗansa, yaro bai fi shekara tara ba, ba takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa don mai gadi ya hana shi shiga, yana leƙe yana cewa a gaya wa babansa ƙanwarsa ba lafiya. Ni na fita na same shi. Ni ne kuma na zuba wa uban abin da ke gabansa. Wannan yaron har yau ina ganinsa a ido. Fitilar wurin ba ta da haske sosai, shi ya sa ba a ganin irin wannan sai wanda ke aiki a ciki.

Uwar Biyu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Labarin yaron nan ya sa ni kuka.

Amma ina roƙon maza su saurari wani ɓangare da ba su cika gani ba. Ku kuna da majalisa, kuna da teburin mai shayi, kuna da bakin masallaci bayan isha'i. Mu fa? Bana muka cika shekara goma sha biyar da aure, maigidana ya ce in shirya mu fita mu biyu, yara suna wajen kakarsu. Na ɗauko leshina na lefe da na adana, na yi lalle. Muka zaga wuri uku. Na farko talabijin huɗu kowanne da ƙwallonsa, samari na ihu. Na biyu hayaƙin shisha ya turnuƙe, kiɗa kamar zai fasa ƙirji. Na uku fitila fari fat kamar ɗakin tiyata, kujerun roba, ga janareta na ruri a bayan taga. Ƙarshenta tsire muka saya muka ci a mota. Ban ji haushin maigidana ba, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma na ji ciwon abin. Ni ba giya nake nema ba, Allah ya tsare. Wuri nake nema da zan yi ado in zauna da mijina awa biyu mu ji muryar juna, a kawo mana abu cikin mutunci. Wannan haramun ne?

Ɗalibin Ilimi:
Ba haramun ba ne Hajiya, kyautata zaman aure ma ibada ce. Matsalata da giya ce da zaman inda ake shanta. In an cire ta an kiyaye sutura da lokacin salla, ba ni da ta cewa.

Baƙon Alƙahira:
Ina karatu a Masar shekara biyar, kuma garin nan ya ga irin wannan muhawarar da wuta, ba da baki ba. Otal ɗin Shepheard's, wanda ya samo asali tun shekarun 1840, shi ne matattarar hafsoshin Ingila, doguwar mashayarsa ta yi suna a duniya lokacin yaƙin duniya na biyu. Ranar 25 ga Janairun 1952 sojojin Ingila suka kashe 'yan sandan Masar kimanin 50 a Isma'iliyya. Washegari mutanen Alƙahira suka fito suka cinna wa ɗaruruwan gine-gine wuta, kuma ba da ka suka zaɓa ba: mashayu, sinimomi, kulob ɗin Turawa, da Shepheard's ɗin kansa, ya ƙone ƙurmus. Bayan wata shida sojoji suka kifar da Sarki Faruk. Wato abin da wani ke kira ƙawa, wani wulaƙanci yake gani a ƙasarsa.

Amma Hajiya, abin da kike nema akwai shi a nan, kuma ya girmi Savoy. A cikin kasuwar Khan al-Khalili, dab da masallacin Husaini, akwai gidan shayin Fishawi, ya haura shekara ɗari biyu. Lungu ne siriri, manyan madubai masu firam ɗin katako da suka yi duhu don tsufa, tebura ƙanana na tagulla. Ana kawo shayi a 'yar buta mai fenti duk ta ƙwarzane, da ganyen na'ana'a a kofi daban. Akwai karkade, wanda zoɓonmu ne sak, akwai sahlab mai madara da kirfa lokacin sanyi. Iyali ke zama, mata da maza da tsofaffi. Shisha kam akwai ta, kuma 'yan talla ba sa barin mutum ya huta, don haka ba natsuwar Landan ba ce. Amma in ka zauna kana jin cewa dubban mutane sun zauna a nan kafin a haifi kakanka, kuma ba wanda ya zo ya ce a cire madubin a sa tayil.

Malamar Tarihi:
Ƙanena ka tuna mini da namu na gida. A 1947 otal ɗin Bristol na Legas ya hana Ivor Cummings ɗaki, alhali babban jami'i ne daga ofishin mulkin mallaka na Landan kuma an riga an kama masa ɗakin. Da suka ga baƙi ne, mahaifinsa ɗan Saliyo, sai suka ce babu. Legas ta ɗauki zafi har gwamna Arthur Richards ya sanar da hana wariyar launi a wuraren jama'a. Ikoyi Club da aka kafa a 1938 na Turawa ne a farkonsa. Saboda haka in an ce mini zamanin da, tambayata ita ce zamanin wa.

Ɗan Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne, yawon sarin kaya ya kai ni wurare, ga abin da idona ya gani. A Singafo abokin cinikina ya nuna mini Long Bar na otal ɗin Raffles, daga bakin ƙofa na tsaya. Abin da ya kama idona gyaɗa ce. Buhunan gyaɗa ƙanana a kan kowane tebur, mutane na ɓarewa suna watsar da ɓawon a ƙasa, a garin da jefar da takarda a titi tara ce mai zafi. Sama kuma mafitai ne na ganye a jere, inji na kaɗa su gaba da baya kamar yadda bayi ke yi wa Turawa fifita a da. Mutane na bin layi daga ƙasashe don su taka ɓawon gyaɗa! Na ce ikon Allah, mu da muka yi dalar gyaɗa a Kano ko hoton kirki ba mu rataye a ko'ina ba.

Amma wanda ya shiga raina yana Istanbul, unguwar Vefa, ba nisa da masallacin Sulaimaniyya. Shago ne tun 1876, iyali ɗaya ke riƙe da shi, abin da aka san su da shi boza, wani kunu mai kauri na gero, ɗan tsami-tsami, a barbaɗa kirfa a zuba soyayyen wake irin nasu a sha da cokali. Dandamalin ƙofar na marmara ne har ya lotsa don taku. Tsohon katako, madubai, masu hidima da farar riga. A cikin wani gilashi a bango sun ajiye kofin da Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, ya sha da shi a 1937. Da dare lokacin sanyi wurin cike yake da iyalai. Gero fa, jama'a. Geron da muke dama kunu da fura da shi. Su sun yi masa gida sun riƙe shekara kusan ɗari da hamsin, mu namu yana cikin robar ruwa da aka tsinto aka ɗauraye.

Autan Gida:
Alhaji wannan ta shige ni. Amma fa ku yarda da yawa daga "tsofaffin" wuraren nan na bogi ne.

Malamar Tarihi:
Wasu kam haka ne. Rick's Café na Kasabalanka a 2004 aka buɗe shi, wata tsohuwar jami'ar diflomasiyyar Amurka ta gina shi don ya yi kama da mashayar wani fim na 1942, fim ɗin da ko a Maroko ba a ɗauke shi ba. Mutane na zuwa suna begen wurin da bai taɓa wanzuwa ba. Ko Harry's New York Bar na Faris, wanda tsohon gaske ne, a 1911 aka kwance katakon wata mashaya a New York aka loda a jirgin ruwa aka sake haɗa shi a can. Tun farkonsa kewar gida ake sayar wa Amurkawan da ke Faransa. Sana'ar ke nan tun asali.

Ba-Damagare:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar wanda ya san Yamai ya san farfajiyar Grand Hôtel, wadda ke kallon kogin Isa, wato Neja, da gadar Kennedy. Da maraice rana na faɗawa bayan ruwa, masu kwalekwale na komawa gida, ana gasa nama a tsinke. Wasu na shan abin da suke sha, wasu bisap, wanda ku kuke ce ma zoɓo. Amma ni in aka ce natsuwa, fada nake tunawa, wato majalisar shan shayi tamu. Tabarma, ɗan murhun waya, gawayi, buta ƙarama, shayi zagaye uku, na fari mai ɗaci na ƙarshe mai zaƙi. Mai dafawa yana ɗaga buta sama yana zubawa har kumfa ta tashi, ba ya gaggawa, kuma ba a tashi sai an sha na uku. Abin da Baba ya faɗa na murɗa ɓawon lemo, ai shi ne wannan, gwaninta a gaban baƙo. Sai dai maganar Hajiya gaskiya ce, fada ta maza ce.

Uwar Biyu:
Yauwa, ka ga ka faɗa da bakinka.

Ɗan Fagge:
To ai muna da koktel namu na Najeriya, Chapman. Ba giya a ciki, kuma kowane biki ana yi.

Tsohon Ma'aikaci:
Ɗana tsaya, a nan sai ka yi hattara. Na haɗa Chapman ya fi a ƙirga. Fanta da Sprite, jan ruwan zaƙi da ake kira girenadin, lemon tsami, yankan kokwamba, ƙanƙara da yawa, a babban kofi mai mariƙi. Amma na asali ana ɗiga masa Angostura, wata 'yar kwalba mai murfi rawaya da takardar da ta fi ta tsawo, daga Tirinidad ake kawo ta. Karanta jikinta, kashi 44.7 cikin ɗari barasa ce. Ɗigo uku ko huɗu ake sawa, ba ya bugar da ko jariri, amma yana ciki. Mu a lokacinmu in Alhaji ya ce Chapman, ni nakan tambaye shi da ɗaci ko babu. Yaran yanzu ba sa tambaya.

Uwar Biyu:
Innalillahi! Ni da nake sha a kowane biki?

Ɗalibin Ilimi:
Hajiya kwantar da hankalinki, abin da aka yi cikin rashin sani babu laifi. Game da ɗigon da ya narke a cikin abu mai yawa har ba ɗanɗanon barasa ba maye, malamai sun yi magana, akwai masu sassauci akwai masu tsanantawa. Amma saye da ajiye kwalbar da kanta wani abu ne daban, domin ita in aka sha da yawa tana bugarwa. Tun da ana iya yi ba da ita ba, ki ce a cire, kin huta da shakka.

Tsohon Ma'aikaci:
Kuma ba a rasa komai. Ɗacin da ƙamshin ake nema. Ki tafasa ɓawon lemon zaƙi da kanumfari biyar da ɗan kirfa da citta a ruwa kaɗan har ya ƙafe ya yi rabi, ki tace, ki zuba cokali ɗaya. Maimakon jan ruwan kwalba, zoɓo mai kauri da sukari ya fi shi launi. Na yi wa baƙi haka sun ce na fi na Legas.

Ɗan Kwari:
Baba wannan ilimin bai kamata ya tsaya a nan ba. Ni abin da ke ƙona mini rai, ba wai ba mu taɓa samun wuraren ba ne. Hill Station na Jos tun 1938 yake. Hamdala tun zamanin Sardauna. Durbar ta Kaduna da aka gina don bikin FESTAC na 1977, ta yi shekaru a rufe ana shari'a a kanta, a Janairun 2020 aka rushe ta. Central Hotel na Kano duk wanda ya girma a garin ya san sunan. Mu in gini ya tsufa ba ma ganin daraja, muna ganin kunya. Mai kuɗi in ya saya, abin da zai fara yi ya fasa tsohon dabe ya sa tayil mai sheƙi, ya cire ƙyauren katako ya sa na alminiyam, ya rataya talabijin. Bature kuwa lotsewar dandamali ma kuɗi yake karɓa a kanta.

Autan Gida:
To Alhaji ga ku da jari, me ya hana? Amma don Allah in za a yi kada a yi na 'yan Abuja kawai, wanda kofin zoɓo zai zama dubu goma.

Malamar Tarihi:
Kuma kada a kwaikwayi Landan. Duk wanda ya shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano da rana tsaka ya san sanyin ginin ƙasa da kyan bakan gizo da azara. Wannan shi ne karammiskinmu. Soro mai zane, fitilu a alkuki, darduma da tumtum ga mai son ƙasa, kujera ga mai ciwon gwiwa, garmaho a kusurwa ko mai gurmi yana kaɗawa a hankali.

Ɗalibin Ilimi:
Da wurin alwala da salla, na maza daban na mata daban. Kiɗan kuma mu bar shi a wata muhawarar.

Ɗan Kwari:
Ba wasa nake ba. Akwai tsohon gidan kakanmu a cikin gari, soro biyu da tsakar gida mai bishiyar darbejiya, shekara shida a kulle, 'yan uwa na ta cewa a sayar a raba. Zan yi magana da yayyena wannan satin. Abin da ban sani ba shi ne hidimar, don yaran shagona ko ruwa suka miƙo maka sai ka ji kamar faɗa ake.

Tsohon Ma'aikaci:
In kun daidaita da 'yan uwanka ka turo mini yara huɗu masu haƙuri, biyu maza biyu mata don ɓangaren iyali. Ƙafata ba ta kai ni Kano yanzu, amma in suka zo Kaduna wata ɗaya ya isa su koyi riƙon tire da goge kofi da yadda ake tsayawa. Kada ka sayi kofunan roba ko da kyauta ne. Kuma janareta a kai shi can bayan gida a gina masa ɗaki, in dai baƙo na jin ƙararsa an yi asarar komai.

Uwar Biyu:
Alhaji a ware tebur biyu ko uku a bayan labule don mata masu niƙabi su iya sha a sake. Baba kuma ina da tambaya, ɓawon lemon nan ɗanye ake tafasawa ko sai an shanya shi? Ina so in gwada ranar Asabar, maigidan zai dawo daga tafiya.

Tsohon Ma'aikaci:
Ɗanye 'yata, amma ki kankare farin da ke cikin ɓawon da wuƙa, shi ke sa ɗacin ya yi yawa. Ki sa kofunan a firji tun la'asar.